Alkakina da Burodin Takwara

Tun da na dawo daga Yamai ban huta ba. A kasuwar kifi a tare ni, a gidan suna a tare ni, a ajinmu na yaƙi da jahilci kuwa har Malama sai da ta ajiye alli ta ce, "Inna Kulu, ki ba su labarin nan mu samu mu yi karatu." Na gaji da maimaitawa, kuma na lura duk wadda ta kai maganar gaba sai ta ƙara mata gishiri. Har na ji an ce wai surukina ne ya koro ni. Ƙarya ce. Shi ya sa na zauna na rubuta da hannuna. Ban koyi riƙe biro ba sai da furfura ta cika mini kai, in kun ga layi ya karkace ku yi haƙuri, maganar dai a miƙe take.

Ga wadda ba ta san ni ba, sunana Hauwa'u, ana ce mini Kulu. A Yelwar Yawuri nake. Bandar kifi ce sana'ata, amma alkaki aka san ni da shi. Daga nan har Wara, in za a kai garar amarya ni ake nema. Autata Rabi tana aure a Yamai, babban birnin Nijar. Mijinta Bazabarme ne, da can yana zuwa sarin albasa, ya gan ta ya nema na ba shi. Ta haifi diya mace aka sa mata sunana. Ban je suna ba, ina takabar uban Rabi. Daga baya ciwon ƙafa ya matsa mini, daga baya aka rufe iyaka, shekaru suka yi ta wucewa. Yarinya har ta shiga makaranta ban taɓa ɗora ta a cinya ba. A waya kawai nake ganinta, 'yar fuska tsurut, ta ɗaga mini hannu ta gudu. In na ce, "Rabi, wagga yarinya ba ta ƙiba ne?" sai ta ce, "Haka jikinta yake, Inna, dangin ubanta ta ɗauko."

Abu ɗaya nake so kafin in mutu, in ga Takwara ta ci abin hannuna. Jikokin mutane nawa suka girma da alkakina a baki? Tawa ce ba za ta san ɗanɗanonsa ba?

Da hanya ta buɗe sai na shiga shiri. Alkamar da kaina na tsince ta, na sa aka kawo mini zuma daga Shanga, ban yarda sukari ya shiga ciki ba. Na murɗa shi ƙanana daidai hannun yaro, na cika kwalla guda na ɗaure murfin da tsumma. Na haɗa da kwalin bandar tarwaɗa.

Faɗan farko a tashar Yelwa na yi shi. Direba ya ce sai kwalla ta shiga but, ƙarƙashin buhunan albasa.

Na ce, "Kai yaro, uwarka ta taɓa sa alkaki ƙarƙashin albasa?"

Ya ce, "To Inna, kujera ɗaya kika kama."

Na ce, "Cinyar tawa ce ko taka?"

Haka na rungume ta muka wuce Koko, muka wuce Jega. Duk ramin da motar ta faɗa sai in ji kamar a haƙarƙarina, ba don kaina ba, don kada alkakin ya rugurguje. A Birnin Kebbi muka canza mota zuwa Kamba, nan Allah ya haɗa ni da wata mata mutuniyar Gaya, Zainabu, wadda kowa ke ce wa Tanti. Can ƙasar duk macen da ta manyanta Tanti ce, har ni daga baya. Ta dube ni ta dubi kwallar ta ce, "Amarya za a kai?" Na ce jika za a gani. Ta ce, "To wannan ya fi amarya." Kafin mu kai Kamba na san sunan 'ya'yanta duka da ciwon da ke damun mijinta.

A iyaka aka sauke mu, kowa ya ɗauki kayansa. Ɓangarenmu ba a ɓata mini lokaci ba. Da muka tsallaka sai na ɗaga kai na ga wani babban allo. Na tsaya na gyara tabarau, don tun da na iya karatu ba na wuce rubutu ban karanta ba. Haruffan duk na san su, ga A ga B, amma sun ƙi haɗuwa su zama magana. Tanti ta ce Faransanci ne. Wallahi abin ya ci mini rai. Na sha wahala a benci da tsufana, yara na leƙowa ta taga suna dariya, sai in taka 'yar gajeriyar hanya in koma jahila?

Wani mai kaki ya yi mini nasa yaren, na ce ban ji ba, sai ya juya Hausa tatas, irin tamu ta yamma. Ya ce in buɗe kwalla. Ƙamshin zuma ya buge shi, na ga maƙogwaronsa ya motsa. Na ɗauko ɗaya na ba shi. Ya lumshe ido ya ce, "Hajiya, rabona da irin wanga tun kakata na da rai." Na ce, "Allah ya jiƙanta. Ɗaya na ba ka, kada ka maida hannu." Abokan aikinsa suka yi ta masa dariya, shi ma yana yi, ya ɗaure mini tsumman da kansa.

Gidan Tanti na sauka a Gaya, ta ce ba za ta bar ni a tasha ba. Ta shimfiɗa mini katifa a ɗakin diyarta, ta kawo tuwon gero da miyar kuka wadda ba ta da maraba da tamu sai dai sun fi mu hannu a daddawa. Da safe ne na ga abin mamaki. Diyar ta shigo da wasu dogayen abubuwa a hammata, ba leda ba takarda. Na ɗauka itacen hura wuta ne. Ashe burodi ne. Na gatsa, saura kaɗan in bar haƙorina a ciki. Su tsoma shi suke yi a ruwan kofi da madara har ya jiƙa. Namu na nan mai laushi da zaƙi, wanda kake matsawa a hannu ya koma dunƙule, Tanti ta ce in an ba su shi sai su ce soso ne. Na ce a raina, da wannan sandar ake rainon Takwara, ina za ta yi ƙiba? Bari dai in isa.

Motar Yamai babba ce, kuma kowace kujera da lambarta. Nan na rama abin da allo ya yi mini, don lamba ba ta da yare. Na karanta tawa da kaina, na iske wani ƙato a kai, na nuna masa takardata, ya tashi ba musu. Wannan hali nasu ya burge ni. A tasharmu da sai an kira shugaban direbobi. Sai dai saukar da suke sa mutane a hanya don duba katin shaida ta yi yawa, ka sauka ka hau, ka sauka ka hau, ni da kwalla da ciwon ƙafa. A Doso na ci dambu da zogale a hannun wata mata, na ce mata ƙuli ya yi kaɗan. Ta ce "fofo", wato sannu, ta ƙara mini. Ban san ko ta ji ni ba ne ko fuskata ta karanta.

Da la'asar muka shiga Yamai. Rabi ta taro ni a tasha, ta faɗa jikina tana kuka, ni kuma ina leƙen bayanta. Ta ce yarinya na gida.

Na same ta a bakin ƙofar ɗaki, riƙe da labule. Doguwa ce, siririya, idanun nan irin na uwata sak. Ko ruwa ban sha ba na kwance tsumma, na zaɓo wanda ya fi kyau, wanda zumar ta ratsa shi har ciki. Na miƙa hannu.

"Zo, Takwara. Zo ki karɓi abin da Kaka ta kawo miki."

Yarinyar ta maida hannuwanta baya. Ta dubi alkakin, ta dubi uwarta, ta faɗi wata magana da Zabarmanci ta shige ɗaki. Rabi ta yi wuf ta rufe kwallar, ta fita da ita can wani ɗan ɗakin tarkace a tsakar gida. Ta dawo da buta da sabulu ta ce, "Inna, ki wanke hannu tukuna."

Hannun da ya yi wa Rabi tsarki tana jaririya. Na wanke. Sai ga surukina ya shigo ya durƙusa yana gaishe ni.

Kwanakin da suka biyo na zuba ido. Ko ayaba na ɓare na miƙa, Takwara ba ta karɓa sai uwarta ta karɓa ta ba ta. Kwanonta daban, cokalinta daban. Garin da kowa ke yawo da burodi a hammata, gidan nan ko ɓurɓushinsa babu. Kullum da safe ina ganin maigidan ta ƙofa, zaune a teburin mai shayi yana cin nasa a waje, in zai shigo ya wanke hannu da baki. Na haɗa wannan da wancan na yanke hukunci: an gaya wa yarinya kakarta ta Najeriya ba abin yarda ba ce, kada ta ci abin hannunta, kuma gidan ma ba lafiya tunda miji na karyawa a titi. Ina zaune ina kallonta tana wasa a gabana, kusa da ni har ina jin ƙamshin man kanta, amma ta fi mini nisa fiye da lokacin da nake ganinta a waya.

Wata safiya bayan ta tafi makaranta na naɗe zannuwana na fito da jaka.

"Rabi, raka ni tasha."

"Inna, mi ya faru?"

"Ke za ki gaya mini. Mayya ce ni ko mai sammu? Wa ya ce wa yarinyar ga kada ta ci abin hannuna? Uwar mijinki? Nuna mini gidanta, yau sai ta ji Hausa ko ba ta iya ba."

Rabi ta zauna a ƙasa ta rufe fuska. Da ta ɗago ta ce, "Ni na ce mata, Inna. Ba naki kaɗai ba, na kowa."

Sai ta warware mini abin da ta ɓoye shekaru. Tun da aka yaye yarinyar take zawo, ciki ya kumbura, ƙafafu kamar sillen kara. Sun zagaya asibitoci har suka fidda rai. A ƙarshe wata likita ta gano cikinta ba ya karɓar alkama, ko kaɗan, kuma ba warkewa ake yi ba, kiyayewa ake yi har abada. Burodi, taliya, cincin, fanke, biskit, duk guba ne a wurinta. Ɗan ɓurɓushi a hannu ko a cokali ya isa ya kwantar da ita. Shi ya sa ubanta ke cin nasa a waje, don kada ta gani ta yi kwaɗayi. Shi ya sa aka koya mata ta maida hannu baya.

Na ce, "Kuma ina raye ba ki gaya mini ba?"

Ta ce, "Da na gaya miki da kin ce jifa ne. Da kin taso da jiƙe-jiƙe kin ɗura mata, kin tsine wa dangin mijina tas."

Gaskiyarta. Haka ɗin zan yi.

Da kaina na ɗauki kwallar na fita da ita. Na bi maƙwabta gida gida ina rabawa, suna ta "fofo, Tanti, fofo". Yaran unguwa suka bi ni suna lasar yatsu. Zumar Shanga ta ƙare a bakin 'ya'yan da ban san sunansu ba. Kwallar ma na bar wa matar ƙarshe, don ba ta sake shiga gidan nan.

Da na dawo na ce, "To ai da sauƙi. Ga waina, ga tuwon shinkafa, ga fura, ga ɗanwake in ba a sa fulawa ba." Rabi ta ce duk tana ci. Damuwar a makaranta take. In an fita tara kowane yaro ya zaro burodinsa, ita sai ta koma bayan aji ta ci wainarta a ɓoye, wata rana ta dawo da ita ba ta taɓa ba. Burodi take so, wanda ake yankawa, irin na mutane. Likitar ta koya wa Rabi wani na garin shinkafa da wani ɗan kabushi kore dogo da ake ce wa kurjet a can, shi ke ba shi laushi. Rabi ta nuna mini wanda ta yi. Na gutsura, ya watse a hannuna kamar yashi. Ta ce garin ne ba ya laushi, kuma ba ta isa ta kai shinkafa injin unguwa ba, don da shi ake niƙa alkama.

Na ce, "Ina turminki?"

Ta ce ba ta da shi.

"Diyar Yawuri, ba turmi? Tashi mu je kasuwa."

Muka sayo sabo fil da taɓaryarsa da rariya mai laushi. Na jiƙa shinkafa, na tsane ta a inuwa, na daka, na tankaɗe, na maida tsakin na sake dakawa, har garin ya koma kamar hodar jarirai. Kafaɗata ta yi kwana biyu tana zagina. Rabi ta gurza kurjet ta barbaɗa masa gishiri, ta ce in ya yi ɗan jim sai a matse ruwan a tsumma a zubar. Na ce zubar da mi? Amfanin abin ai a ruwansa yake, ni ba a almubazzaranci a gabana. Ta ce, "Inna, ba zai gasu ba." Na ce na fara toye-toye ba a haife ta ba. Ta bar ni. Muka fasa ƙwai, muka zuba man gyaɗa da ɗan garin rogo da albasa da hodar da ke kumbura kek, muka sa a gwangwani mai tsawo muka tura cikin murhun gas. Bayansa ya yi ja gwanin kyau. Da muka yanka, cikinsa tuwo ne, tuwon ma wanda bai nuna ba. Rabi ta yi dariya har da riƙe ciki. Surukina ya cinye shi don kunya, Allah ya saka masa.

Washegari na matse. Na matse har tsumman ya yi ƙara, ruwan kuma na juye shi a miya, don ban fasa maganata duka ba. Da na ɗanɗana ƙullun na ji salam, ba zaƙi ba armashi. Sai na tuna kwalina. Na ce, "Kifi fa, yana cikin abin da aka hana?" Rabi ta ce babu ruwansa. Na ɗauko tarwaɗa guda, na cire ƙaya ɗaya bayan ɗaya da farcena, na daka ta lilis a sabon turmin, na zuba da ɗan tattasai.

Yana cikin wuta Takwara ta dawo makaranta. Ta tsaya a ƙofar kicin tana shinshina. Da ya huce na yanka, ya tsaya cak bai watse ba, ɗigon kore kore a cikinsa. Na wanke hannu da sabulu a gabanta, ba wanda ya ce in yi. Na ɗauki yanka ɗaya na miƙa.

Hannuwanta suka tafi baya. Ta dubi uwarta. Rabi ta durƙusa ta yi mata magana da Zabarmanci, sannan ta maimaita da Hausa don in ji: "Na Kaka ma kina iya ci. Daga yau hannu biyu ne, nawa da nata."

Yarinyar ta matso. Da 'yar Hausarta mai karkacewa ta ce, "Kaka, babu alkama?"

Na ce, "Ko ƙwaya, Takwara."

Ta karɓa. Yatsunta suka taɓa nawa. Ta ci tana kallona, ta cinye, ta nuna gefen da ya fi ƙonewa ta ce shi take so. Sannan ba wanda ya ce mata komai ta juya ta zauna a cinyata, tana ci ɓurɓushi na zuba mini a zane. Ba ta da nauyi ko kaɗan. Ni da ban yi kuka ranar da aka fita da uban su Rabi ba sai da mutane suka watse, ranar nan a gaban surukina na yi shi.

Da safe ta tafi makaranta da yanka biyu a takarda, a hammata ta saƙale su, irin na mutanen garin.

Sauran zamana duk a bakin turmi na yi shi, na tara musu gari mai yawa. Ranar da zan taho muka bi ta bakin kogi. Na nuna mata na ce, "Kin ga ruwan nan? Shi ne ke wucewa ta Gaya ya gangara har bayan gidana." Ta ce in ta shiga kwalekwale zai kai ta? Na ce zai kai, amma ta bari a kawo ta a mota. A tasha ta riƙe mini gefen mayafi, sai da uwarta ta ɓamɓare yatsun.

Dawowa ba abin da zan ba ku labari. Cinyata ba kwalla, ba kowa.

Yanzu ga abin da ya sa na ƙi ba Hajiya Asabe maƙwabciyata aron turmi, har ta yi fushi ta ce Nijar ta canza ni. Ina isowa na sayi sabo na lulluɓe shi da zane a ƙuryar ɗaki. Na taho da irin kurjet, ɗan ƙanena ya shuka mini a fadama gefen albasarsa, kuma ya yi. Duk Juma'a nakan gasa burodin nan a tukunya da yashi, wuta sama wuta ƙasa, don kada hannuna ya manta. Waɗanda suka ɗanɗana a ajinmu sun ce shi ba burodi ba shi ba alala ba. Ba don ku na yi ba. Gefen da ya ƙone nakan ajiye shi a kwano har la'asar, sannan in cinye da kaina.

Rabi ta ce in an yi dogon hutu za su zo, in hanya ta yi kyau, in maigidan ya samu sarari. Na san irin wannan "in" ɗin, ita ta cinye mini shekarun farko. Duk da haka na gaya wa masu gara su nemi wata, na bar alkaki, ba na son garin alkama ko a bangon ɗakina.

Mai neman aro, ga tsohon turmi nan a zaure, ta ɗauka ba sai ta tambaya ba. Na cikin ɗaki kuwa akwai mai shi. Ba ta dai iso ba tukuna.